Yadda ake ƙara ko rage saurin bidiyo a kwamfuta

A garuruwa irin su Marnona da Wurno da Rabah da Goronyo a gabashin jihar Sokoto, wutar lantarki ba ta cika daɗewa ba, ita kuwa kwamfutar tebur ba ta da batir. Da zarar an ɗauke wuta, karatu ya tsaya.

Wannan ne ya sa sanin yadda ake sarrafa saurin bidiyo ke da amfani ga ɗalibai da masu sauraron tafsiri. Darasi na minti 60 zai ƙare cikin minti 40 idan aka mayar da saurinsa ninki ɗaya da rabi.

A manhajar VLC, wadda ɗalibai suka ƙirƙiro a Faransa aka kuma sake ta kyauta a shekarar 2001, maɓallin ] na ƙara sauri, [ na ragewa, yayin da = ke mayar da bidiyon yadda yake.

A Windows Media Player kuwa, ana danna Ctrl da Shift da G a tare domin ƙara sauri, ko a sa S a madadin G domin ragewa, ko N domin komawa daidai.

Manhajojin biyu na daidaita sautin, don haka muryar mai magana ba ta sirancewa kamar yadda take yi a kaset.

Sai dai sauri na cinye madda da gunna a karatun Alƙur'ani. Ga mai koyon tajwidi, rage saurin ya fi dacewa.