Tuƙi cikin maye a Jihar Kano

Tuƙi cikin maye shi ne mutum ya ja mota, babur ko adaidaita sahu bayan ya sha giya ko wani kayan maye da ya rage masa ikon sarrafa abin hawan. A Jihar Kano wannan laifi yana ƙarƙashin dokoki biyu da ke aiki tare: dokar hanya ta tarayya, wadda ke hukunta tuƙin, da dokokin jiha, waɗanda ke hukunta shan abin mayen kansa ko da mutum bai taɓa sitiyari ba.

Dokar tarayya

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a shekarar 1988, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ta 2007 ce. Dokar ta haramta tuƙi idan barasar da ke jinin direba ta wuce giram 0.5 a kowace lita, ko idan maye ya hana shi riƙe mota yadda ya kamata. Hukuncin shi ne tarar naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Wannan tara ta zama 'yar kaɗan saboda faɗuwar darajar naira, domin ba ta kai kuɗin cika tankin mota ba. Idan tuƙin ganganci ya yi sanadin mutuwar wani, ɗaurin yana iya kaiwa shekara bakwai.

Dokokin jiha

Kano ta fara aiki da Shari'ar Musulunci a shekarar 2000, zamanin gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. Haddin Musulmin da aka tabbatar ya sha giya shi ne bulala 80, kamar yadda yake a mazhabar Malikiyya. A 2004, a mulkin Malam Ibrahim Shekarau, an yi wa dokar Final Kod ta jihar gyara, aka haramta yin giya da sayar da ita da shanta, da hukuncin tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, ita ce ta yi suna wajen kama motocin dakon giya da fasa kwalaben. Kula da titunan cikin gari kuwa yana hannun 'yan sanda da hukumar KAROTA, wadda aka kafa a 2012.

Ƙwayoyi

Da yake ba a sayar da giya a fili a yawancin unguwannin Kano, mayen da aka fi alaƙantawa da direbobi shi ne na tiramadol, kodin da tabar wiwi. Wasu masu doguwar tafiya da masu adaidaita sahu sukan sha ƙwaya don kore barci da gajiya, amma tana jinkirta saurin taka birki, tana kuma ɓata lissafin tazara tsakanin mota da mota. Na'urar busa numfashi barasa kaɗai take aunawa. Ba ta gano ƙwaya, sai an yi gwajin fitsari ko na jini. Shi ya sa tabbatar da irin wannan laifi a gaban alƙali ya fi wuya. Gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC da aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano.

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Titin Zariya, wanda ke fita da motoci zuwa Kaduna da Abuja, ya ratsa ta Gyaɗi-Gyaɗi a ƙaramar hukumar Tarauni, ya wuce ta tashar motar Unguwa Uku. A kan wannan titi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, inda ake kai da yawa daga cikin waɗanda haɗari ya rutsa da su. A titin Kotu da ke unguwar akwai kotun majistare da kuma Babbar Kotun Tarayya. Ƙananan laifukan hanya suna zuwa gaban majistare ko kotun tafi-da-gidanka, amma idan an sami ƙwaya a motar direba, ana miƙa shi ga hukumar NDLEA, wadda ke shigar da ƙararrakinta a Babbar Kotun Tarayya.