Layin Jira a Ɗakin Manyan Kwamfutoci

Mu da muke kula da gungun kwamfutocin bincike, tambayar da muka fi sha daga masu bincike ita ce: "Me ya hana aikina tashi?" Amsar tana hannun manhajar tsara layi, wadda ta daɗe tana shan gyara.

A cibiyar NASA ta Ames da ke Kalifoniya aka samar da NQS a tsakiyar shekarun 1980, PBS ta gaje ta a farkon shekarun 1990. A Jami'ar Wisconsin kuwa, Miron Livny da abokan aikinsa sun gabatar da Condor a 1988. Ita farautar kwamfutocin ofis take yi: mai kwamfuta na tashi, ta ɗora mata aiki, yana dawowa, ta janye.

Ni dai a ganina, babban sauyi ya zo ne a 1995, daga David Lifka na ɗakin binciken Argonne, inda suke da injin IBM SP mai sassa 128. Kafin nan, idan babban aiki na gaban layi yana buƙatar sassa da yawa, sai waɗanda suka riga suka gama su zauna hannu rabbana, wuta na ci, har sauran su kuɓuta. Tsarinsa mai suna EASY ya ƙyale ƙaramin aiki daga baya ya cike gurbin, muddin ba zai jinkirta na gaba ba.

Sai dai dabarar ta rataya ne a kan lokacin da mai aiki ya faɗa da bakinsa. In ya rage, manhaja ta kashe aikin da zarar wa'adi ya cika, wahalar kwanaki ta tafi. Don haka mai aikin awa biyu sai ya nemi kwana guda, kuma ba na ganin laifinsa. Amma da wannan ƙarin ya rufe wa kansa guraben da zai shiga.

Slurm, wadda ta fito daga ɗakin binciken Lawrence Livermore a 2002, ta ɗauki wannan dabara, daga baya aka haɗa ta da rabon adalci: ƙungiyar da ta ci da yawa kwanan nan sai ta koma baya, nauyin abin da ta ci yana raguwa a hankali. Yau rikicin ya koma kan katunan GPU, inda ɗalibi ɗaya zai riƙe kati huɗu alhali shirinsa ɗaya kacal yake iya sarrafawa.