Yatsu Uku na Kakana

Kakana na wajen uwa yatsu uku gare shi a hannun hagu: babban yatsa, manuni da na tsakiya. Sauran biyun bindigarsa ce ta cinye su, tun mahaifiyata tana goye. Mu jikoki mun tashi a Kawo muna ganin hannun nan kullum har ya daina ba mu mamaki, sai in baƙo ya zo ya miƙa hannu biyu a gaisa, mu ga idonsa ya sauka ƙasa ya yi saurin ɗagowa.

Ranar Juma'a da hantsi yakan sauko da bindigar daga bayan ƙyaure, ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗaki, ya kira ni. "Amarya, kawo tsumman nan da man kaɗanya." Ni ce amaryar, kamar yadda kowane kaka yake tsokanar jikarsa, kuma aikina bai wuce riƙe gwangwanin mai ba. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye shi, "Kaka, wannan ce ta cije ka?" Ya ce, "A'a, yayarta ce. Ita wannan tana da kunya."

Adaka ce, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, irin da ake ɗura wa albarushi ta baki, a bi shi da tsumma, a zuba 'yan guntayen ƙarfe, a daka da sanda.  Maharbi ba shi da sikeli. In ya gama duri sai ya zura sandar, ya dubi abin da ya rage a waje, ya auna da yatsunsa. Kowace bindiga da adadin yatsun da take iya ɗauka, maƙerin da ya ƙera ta shi zai faɗa maka. Ranar da abin ya faru, can dajin gaba da Rigachikun, da asubar hunturu, Kaka ya ƙara yatsa ɗaya bisa ƙa'ida don ya ga sawun gwanki. Bututun kuwa ashe famfon ruwa ne mai ɗinki a gefe, maƙerin bai faɗa masa ba. Yana jan kunama, ƙarfen ya tsage daidai inda hannun hagu yake tallafe. Har ya bar duniya bai taɓa kama sunan maƙerin ba. Cewa yake yi laifin rabi da rabi ne, kuma wanda ya auna albarushi da yatsa, da yatsa zai biya.

Sai da na girma na shiga karance-karance na gane cewa hannun Kaka ba shi kaɗai ba ne, layi ne mai tsawo ya shiga.

Kalmar bindiga daga Larabci muka aro ta, haka ma albarushi, abin da ke nuna cewa ta hamada muka fara jin labarinsu. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci bindiga tun zuwan wani mai suna Dagaci daga Barno, ya kuma ce Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye dogarai 'yan bindiga. A Barno, Mai Idris Aloma ya riƙe Turkawa masu harbi tun ƙarni na 16. Duk da haka doki da mashi da kibiya su suka ci gaba da yanke hukunci a fagen fama, har jihadi da bayansa. A Damagaram ne Sarki Tanimu ya ɗauki abin da gaske, har ana zuba igwa ana haɗa albarushi a cikin garin Zinder.

Ambaliyar kuwa ta kudu ta shigo. Farfesa Joseph Inikori, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogi 283,000 zuwa 394,000 ke sauka gaɓar Afirka ta Yamma kowace shekara, yawanci a musaye su da mutane. A Turance har yau adaka sunan mutanen Denmak take amsawa, don fatakensu da suka kafa sansani a Akra, ko da yake akasarinta a Bamingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera. Mafi arha, mafi rauni, ita ake ɗora wa jirgi a nufo mu da ita. Turawan da suka zaga ƙasashen nan sun sha rubuta cewa baƙar fata bai iya saiti ba, wai yana miƙa bindiga nesa da fuska ya kau da kai sannan ya harba. Da sun tambaya da an gaya musu dalili. Wanda ya ga bututu ya fashe a fuskar ɗan'uwansa ba sai an koya masa kau da kai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne su a gidansu sun san maganin. A 1813 majalisar Ingila ta kafa gidan gwajin bindiga a Bamingham. Kafin a sayar da bututu sai an kai shi can, an cika shi da albarushi fiye da kima, an harba a ɗaki rufaffe. In ya jure a buga masa hatimi, in ya tsage a jefar. Gidan yana aiki har yau. Mu kuwa namu gwajin shi ne wanda Kaka ya koya bayan ya rasa yatsu: sabuwar bindiga a ɗaure ta a jikin bishiya, a ɗaura igiya a kunama, a ɓuya bayan suri a ja. Dabara ɗaya ce, bambancin kawai can hukuma ke tilastawa, nan kuwa sai wanda ya ga dama, ko wanda ya taɓa ƙonewa.

A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Burasel suka yi yarjejeniya: bindigar zamani ba za a sayar wa 'yan Afirka ba, amma adaka da albarushin kasuwa babu laifi. Shekara 13 bayan haka aka ga amfanin wannan hikima. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kano ta faɗi, ranar 15 ga Maris Sakkwato ta bi, dawakai da masu da 'yan adaka a gefe guda, bindiga mai ruwa da igwa a ɗaya gefen.

Garinmu kuwa ɗan bindiga mai ruwan nan ne. Kaduna ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar fada. Bariki aka fara yi mata, sojojin Gwamna Lugga suka tare, sannan aka kwaso hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Duk wanda ya tashi arewacin kogi ya san ƙarar bigila kafin ya san ƙarar jiniyar masaƙa. Shi Kaka da ya baro ƙauyensu na ƙasar Zazzau, gadi ya samu a gidan wani Bature a Unguwar Rimi. Baturen yana da bindigar harbin tsuntsu mai baki biyu a akwatin fata, da libarba a aljihun tebur. Mai gadinsa kuwa adaka da gora. Kaka yakan ce in ɓarawo ya zo, harbi ɗaya gare shi, sauran aikin na gora ne da ihu.

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, ta raba bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, a cikinsu har da libarba da fistol kowace iri. Akwai na farauta, waɗanda lasin ɗinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na duri ta baki, irin ta Kaka, da aka bar wa hukumar jiha. Ƙera bindiga ba da izini ba, laifi ne. Wato dokar ta yarda talaka ya riƙe adaka, amma ba ta yi maganar gwada abin da maƙeri ya ƙera ba. Sana'ar ta koma bayan gida, inda ba mai dubawa. Daga famfon ruwa aka koma sandar sitiyarin tsohuwar mota, wadda maharba suka fi yarda da ita don ba ta da ɗinki. Ilimi ne na gaske, da jini aka saye shi, amma ba inda aka rubuta.

Duk da haka ba zan ci amanar maƙera ba. Bindigar nan mai kunya da nake riƙe wa gwangwanin mai, wani maƙeri ne ya yi wa Kaka ita bayan hatsarin, kuma kamar tela ya yi aikin. Kaka gajere ne, hannunsa ƙanana. Maƙerin ya sa shi ya lanƙwasa hannu, ya auna da kara daga gwiwar hannu zuwa gaɓar manuni, ya yanke icen gindin daidai nan. Ya fafe wurin riƙo ya sirance shi. A gaba kuma, inda hannun hagu zai tallafa, ya sassaƙa gurbi uku maimakon ya bar shi sumul, ya naɗe bututun da fatar wutsiyar sa ɗanya, ta bushe ta kama kam. Duk Kawo ba wanda bindigar nan za ta zauna wa a hannu in ba shi ba. Ni ce kawai, ina 'yar shekara goma, da na ɗaga ta a ɓoye na ji yatsana ya kai kunama ba da miƙewa ba. Ya kama ni kuwa. Bai doke ni ba, ya dai ɗaga hannun hagu ya nuna mini, ya ce, "Amarya, in kin rasa naki wa zai dama mini fura?"

A 1964 aka kafa makarantar horar da hafsoshi ta NDA a wannan gefen kogi, aka kuma kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DICON, masana'antarta a Kakuri, ƙetaren gada. Kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina ta, aka fara da bindigogi samfurin Beretta na Italiya. Ta yi aiki ba dare ba rana lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, daga baya ta yi sanyi har mutanen gari suka fi saninta da kujeru da kayan katako. An zo an ƙara da samfurin FN na Beljiyam, har da ƙaramar bindiga ta hafsoshi, a 2023 kuma aka sake mata doka. Gari guda, injiniya yana auna ƙarfe da ma'aunin da ke raba gashi biyu, maharbi yana auna albarushi da yatsa, ba wanda ya taɓa haɗa su zama ɗaya.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Amurka ya taɓa ba ni labarin kantunansu, inda mace za ta shiga ta gwada ƙananan bindigogi kamar mai gwada takalmi, tana neman wadda ta yi daidai da tafinta. Har fistol ɗin da sojan ƙasar ya zaɓa a 2017, ƙirar SIG Sauer, ana canza mata mariƙi gwargwadon hannun mai ita. Na yi dariya na ce maƙerin Kaka ya riga su. Amma a 2017 ɗin ce aka gano samfurinta na kasuwa, P320, yana iya tashi in ya faɗi ƙasa ta wata kusurwa, kamfanin ya ce a mayar a gyara. Kafin nan, a 2015, kamfanin Taurus na Barazil ya amince da sulhu a kotu kan fistol kusan miliyan guda da aka yi ƙara a kansu bisa irin wannan zargi. Hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka kuwa, wadda za ta iya janye abin wasan yara daga kasuwa, doka ba ta ba ta iko a kan bindiga ba. Ashe ko inda ake da injin da lauya, mai riƙe da ita yana cikin waɗanda take iya ci.

Rana ta ƙarshe da na ga adaka cikin darajarta ita ce hawan daba na FESTAC a farkon 1977. Kaka ya riƙe hannuna da yatsunsa uku muka kutsa cikin taro. 'Yan bindigar sarakuna suka wuce cikin jajaye da korayen kaya, suka saki wuta sama gaba ɗaya, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya rufe dawakai, mata suka rangaɗa guɗa. Ni na toshe kunne, shi kuwa yana ƙirga waɗanda suka cika duri daga jin ƙarar kawai, yana tsaki. A wancan zamani in an ce 'yan bindiga, waɗannan ake nufi. Yau in rediyo ta faɗi kalmar sai gaban uwa ya faɗi: sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021, harin NDA kanta a Agustan shekarar, harin jirgin ƙasan Abuja ranar 28 ga Maris 2022. 'Yan sintirin ƙauyukan da ke kewaye da mu har yanzu adaka suke ratayawa su fita tarar masu AK-47, kamar dai 1903 ba ta wuce ba, kuma har yanzu ba wanda ke gwada musu bututu.

Bayan rasuwar Kaka kawuna ya cire bututun, ya sa aka yanka shi gunduwa-gunduwa aka sayar wa 'yan gwangwan, don lasin ya mutu da mai shi. Icen gindin ya bar mini. Yana nan cikin adakar kayana a Unguwar Dosa, gurbin yatsu ukun nan sun yi baƙi sun yi santsi da man kaɗanya. Duk wanda yake da tsohon maharbi ko maƙerin bindiga a gidansu, don Allah ya zauna da shi da takarda da biro tun yana iya magana.