Gazawa ko ƙaranci: sunayen ɗaukewar al'ada kafin arba'in

Aƙalla mace 1 cikin 100 al'adarta takan ɗauke kafin ta cika shekara 40. Likitoci sun san lalurar, amma sun daɗe suna ja-in-ja a kan sunan da ya dace da ita.

Kalmar da Turawa ke kiran ɗaukewar al'ada da ita, menopause, wani likitan Faransa ne, Charles de Gardanne, ya ƙera ta a 1821 daga Girkanci: wata da tsayawa. Larabawa sun fi zafafawa, suka ce sinnul ya'asi, shekarun yanke ƙauna. Mu kuwa haila da al'ada duk aro ne daga Larabci, amma aikataun namu ne: ta ɗauke. Haka muke cewa ruwa ya ɗauke, alhali mun san yana iya dawowa.

A nan Hausa ta fi kusa da gaskiyar jiki. Turanci ya daɗe yana cewa "failure", gazawa, kamar ma'ajiyar ƙwai ta mutu murus. Ba haka ba ne. Takan yi aiki ta bari, ta sake farfaɗowa, har mata 5 zuwa 10 cikin 100 sukan ɗauki ciki bayan an tabbatar da lalurar. Shi ya sa aka koma ga "insufficiency", ƙaranci, kalmar da Fuller Albright na Boston ya yi amfani da ita tun 1942. Sabon sunan ashe ya girmi wanda ya kora.

Idan aka bi sawun gado, sau da yawa a kan kuromosom X ake tsayawa. Shi ma sunansa na rashin sani ne: Hermann Henking ya hango shi a jikin wani ƙwaro a 1891, bai gane ko mene ne ba, ya ce masa X.

Yarinyar da aka haifa da X ɗaya maimakon biyu, ƙwayayenta sukan ƙare da wuri ƙwarai. A Amurka sunan Henry Turner aka ba lalurar, don bayaninsa na 1938. Jamusawa suka sa Ullrich a gaba, don nasu ya rigaya a 1930. Rashawa suka ce Shereshevsky tun 1925 ya faɗa. Lalura ɗaya, kowace ƙasa da ubangidanta.

Sai ƙwayar gado FMR1 da ke kan X, wadda aka gano a 1991. A cikinta haruffa uku, CGG, suna maimaituwa. Ƙasa da sau 45 lafiya lau. Fiye da 200 yakan kawo tawayar fahimta. Tsakanin 55 da 200 kuwa an kira shi share fagen sauyi, kamar abin bai fara ba tukuna, alhali kusan 1 cikin 5 na matan da ke ɗauke da shi al'adarsu kan ɗauke kafin 40. Uba mai ɗauke da shi kuma dukkan 'ya'yansa mata yake ba, don X ɗinsa guda ne. Masu neman laifi a dangin uwa kaɗai sai su lura.

Ƙwayar gadon da ta fi ba ni sha'awa ita ce BMP15. Sunanta na nufin furotin mai gina ƙashi, don dangin da aka sa ta ciki, amma a cikin ƙwai take aiki. Tumakin Inverdale na New Zealand ne suka tona asirinta a 2000: tunkiya mai kwafi ɗaya da ya sauya tana yawan haihuwar tagwaye, mai biyu ba ta haihuwa sam.

To mu me za mu ce? Juya da bakarariya hukunci ne, kuma wanda aka yanke wa hukunci ba ya zuwa asibiti. Raunin ma'ajiyar ƙwai ya fi, domin rauni ana jinyarsa. Mai wannan lalura tana buƙatar maganin da zai maye mata sinadarin istirojin har wajen shekara 50, don kare ƙashi da zuciya, kuma idan lalurar ta gado ce, 'yan'uwanta mata sun cancanci a gwada su tun da sauran lokaci.