La'ada da Kuɗin Rumfa

Mai karatu, ka san dillali. Tun zamanin kakanni, baduku a Adar in ya ɗinka jaka, sai ya miƙa wa dillali a kasuwar Tawa. Ba ya biyan ko dala sai an saya, sannan dillali ya cire la'adarsa.

A 1988 aka fara SIAO, babbar kasuwar sana'ar hannu ta Wagadugu. Masu saye suna zuwa har daga Turai, amma kuɗin rumfa tun farko ake biya. Ko ka sayar ko ba ka sayar ba, mai rumfa ya karɓi nasa. Dillali dole ya sha rana neman ciniki, don abincinsa yana cikin naka. Mai rumfa fa, me zai tashe shi daga inuwa?