Fuskar Kaki Da Fuskar Amawali: Yadda Garwa Ke Ajiye Tarihinta

Duk wanda ya je Landan ko Paris yawon buɗe ido, da wuya ya dawo ba shi da wani hoto a wayarsa: ya dafa kafaɗar wani shugaban ƙasa ko ɗan ƙwallo yana ta murmushi, shi kuwa wanda aka dafa ko ƙifta ido bai yi ba. Mutum-mutumi ne da aka ƙera da kaki, aka dasa masa gashi sili-sili, aka sa masa tufafi, har sai ka matso kusa kafin ka gane ba rai a jikinsa. Baƙon da ya sauka Garwa, babban birnin yankin Arewa a Kamaru, ba irin wannan gida za a kai shi ba. Fadar Lamiɗo za a nuna masa, da gadar Binuwai, da kasuwa, in yana da hali a wuce da shi gandun namun daji. Wannan bambanci yana da tarihi, kuma tarihin ya isa a tsaya a duba.

Mu fara da asalin gidajen kakin. Matar da sunanta ya fi fita a wannan sana'a, Marie Tussaud, an haife ta a Strasbourg a 1761, ta koyi aikin a hannun wani likita mai suna Philippe Curtius. Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, aka shiga fille kawunan manya, tana cikin masu ɗaukar siffar fuskokin waɗanda aka kashe. A 1802 ta ƙetara Ingila da kayanta, ta yi shekaru tana yawo gari-gari tana nunawa ana biya, sai a 1835 ta zauna a Landan. A Paris kuwa, wani ɗan jarida, Arthur Meyer, shi ya buɗe gidan Grévin a 1882, domin masu karanta jarida su ga fuskokin mutanen da kullum suke jin labarinsu, a zamanin da hoto bai yawaita a jaridu ba. Wato gani ya kori ji. Tun farko ke nan harkar tana tsaye a kan abu biyu: sha'awar talaka ta ganin fuskar babban mutum, da ikon mai gida na zaɓar wanda za a nuna da yadda za a nuna shi.

Wannan iko na biyu, arewacin Kamaru ta ɗanɗana shi ba tare da an narka kaki ba. Ranar 22 ga Afrilu 1900 sojojin Faransa suka ci Rabeh da yaƙi a Kusuri, bakin kogin Logon. Aka sare kansa, aka ɗaga shi, aka ɗauki hoto, hoton ya bazu a Turai. Kwamandan Faransawa, Lamy, shi ma a ranar ya mutu, amma shi gari aka raɗa wa sunansa a ƙetaren kogi, Fort-Lamy, wanda sai a 1973 ya koma N'Djamena. Mutum biyu sun faɗi a fage ɗaya: ɗaya ya zama abin kallo, ɗaya ya zama abin tunawa. Wanda ya yi nasara shi ya raba musu matsayi.

To ita Garwa fa? Ƙasar Fali da Bata ce tun asali. A farkon ƙarni na 19 Fulani suka kafa mulki a wurin, ƙarƙashin tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, garin ya zama ɗaya daga cikin masarautun da ke bin Yola. Fatake Hausawa da Barebari suka bi hanyar, suka kafa unguwanni. Da Ingilishi suka ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fito ya nufo gabas, ya gwabza da Jamusawa a Garwa a ƙarshen shekarar, ya sake karawa da su kusa da Marwa a Janairun 1902. Bayan shekara goma sha biyu Turawan suka juya wa junansu. A ƙarshen Agustan 1914 rundunar Ingilishi ta taso daga Yola ta afka wa ganuwar Jamusawa a Garwa, aka kore ta, kwamandanta MacLear ya mutu. Sai a Yunin 1915, da Ingilishi da Faransawa suka haɗa ƙarfi suka kawo manyan bindigogi, garin ya faɗi. A dutsen Mora kuwa, Jamusawa ba su miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916.

Ka ga ke nan, mai karatu, ba mutanen da za a nuna aka rasa ba. A Garwa aka haifi Ahmadu Ahijo a 1924, shugaban Kamaru na farko. A nan aka haifi Isa Hayatu, ɗan gidan sarauta, wanda ya riƙe hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka daga 1988 zuwa 2017. Ko kakin ma ba a rasa ba, domin tsaunukan Adamawa, wajen Ngaundare, sun yi suna da zuma da kaki. Gwanintar hannu ma akwai ta. Maƙeran Kapsiki a duwatsun Mandara sun daɗe suna siffanta abu da kaki, su lulluɓe shi da laka, su narke kakin ya fita, su zuba tagulla a gurbinsa. Mutanen Sao na bakin tafkin Chadi kuwa sun bar kawunan mutane na yumɓu waɗanda masu tonon tarihi suka haƙo.

Abin da ya hana, fahimta ce ta daban game da girma. Da farko akwai addini, domin malamai ba su yarda da sassaƙa siffar mai rai ba, masarautun nan kuwa a kan malanta aka gina su. Na biyu akwai al'ada. A Turai, alamar shahara ita ce kowa ya san fuskarka. A fadojin ƙasar nan, alamar girma ita ce amawali ya rufe ta. Sarkin Rai Buba, wanda talakawansa ke kira Baba, a da yana zaune bayan doguwar katangar ƙasa, ba kasafai yake fitowa ba, in ya fito ma idanunsa kaɗai ake gani. Ina wanda zai tunkare shi da ma'auni ya ce zai auna hancinsa? Sarki a nan da kirarinsa ake saninsa, da tamburansa, da algaita, da jerin sunayen kakanninsa da maroƙa ke zubawa ba gargada. Ran Sallah, idan dawakai suka fito da lifidi da sulke, dogarai na gaba, fadawa na biye kowa a muƙaminsa, tarihin masarauta ne ke wucewa a gabanka da ƙafafunsa, yana haniniya yana tayar da ƙura. Wanda ya ga fitar Lamiɗon Ngaundare zuwa masallacin Juma'a ya san abin da ake nufi.

Sai dai wannan hanya tana da nata rauni: abin da ke cikin kan tsoho, tare da shi ake binne shi. Wanda ya fi kowa gane haka shi ne Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa da aka haifa a 1934, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin fada-fada da na'urar ɗaukar magana, yana rubuta tarihin Marwa da Rai Buba da Garwa kanta daga bakin dattawa, har ya rasu a Maiduguri a 2004. Allah Ya jiƙansa. Ba don irinsa ba, da sunaye da yawa sun bi iska. Kayan tarihin da ake iya taɓawa da hannu kuwa, da yawansu ba sa gida. Wani bincike da masana na Kamaru da Jamus suka fitar a 2023 ya ƙirga kaya fiye da 40,000 na Kamaru a gidajen tarihin Jamus kaɗai.

Labarin Ahijo kuma ya nuna cewa fuskar da aka kafa a bango ma ba ta da tabbas. A zamanin mulkinsa hotonsa na kan takardun kuɗi da ofisoshin gwamnati. Ya sauka da kansa a Nuwamban 1982, aka ɓata tsakaninsa da magajinsa Paul Biya, a 1984 aka yanke masa hukuncin kisa ba ya ƙasar, hotunan suka sauka. Ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, a can aka binne shi, a can aka binne matarsa Germaine a 2021. Da a ce Garwa na da gidan kaki a wancan lokaci, wa zai yi shakkar siffar da za a fara kaiwa ɗakin ajiya? Gidan da gwamnati ko attajiri ya gina, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma sunan mutumin bai fita daga hirar ƙofar gida a Garwa ba, domin babu dokar da ke sauke hoto daga zuciya.

Yau batun jawo baƙi ya zama na neman abinci. Tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da gandun Waza a Fabrairun 2013, masu yawon buɗe ido suka ja baya daga arewa mai nisa, masu otal da 'yan rakiya da dukawa suka ji a jikinsu. Gasar cin kofin Afirka ta Janairun 2022 ta kawo jama'a filin Rumde Ajiya, aka tashi wasa kowa ya kama gabansa. Dole a yi tunanin abin da zai sa baƙo ya ƙara kwana. Kwaikwayon Landan ba zai yi ba, ko don zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, inda mutum-mutumin kaki zai rayu ne da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. Wanda ke son wannan kuma yana da inda zai je.

Abin da Garwa ke da shi wanda Landan ba ta da shi, shi ya kamata a gyara: a tattara muryoyin dattawa da aka ɗauka a ajiye inda ɗalibi zai saurara, a kafa alluna da Fulatanci da Hausa da Faransanci a wuraren da aka yi yaƙin 1914 da 1915, a kula da sirdi da sulke da tambura da ke fada, a nemi a dawo da na waje. Waiwaye adon tafiya ne. Garin da ya iya ba da labarin magabatansa da bakin 'ya'yansa, baƙo zai zauna ya saurara, ko da bai samu kafaɗar da zai dafa a ɗauke shi hoto ba.