Ido da Kalma: Tarihin Kuskure a Karatun Hoton Ciwon Daji

1.0 Gabatarwa

Tun da Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano hasken ekisire a shekarar 1895, likitoci suka samu damar leƙa cikin jikin ɗan Adam ba tare da sun tsaga shi ba. An daɗe ana ɗauka cewa hoto ba ya ƙarya. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka gane cewa galibin kuskuren yana ga mai karanta hoton ne, da kuma yadda harshe ya shigo cikin maganin matsalar.

2.0 Kuskuren Ido

A shekarar 1949 ne wani likitan hoto na birnin Sanfaransisko, L. Henry Garland, ya bayyana cewa ƙwararrun likitoci kan tsallake alamun cuta a kusan kashi 30 cikin ɗari na hotunan ƙirjin da ke ɗauke da su. Hasali ma, idan aka sake miƙa wa likita hotunan da ya riga ya karanta, yakan saɓa wa kansa a kusan ɗaya cikin biyar. A 1983 kuma nazarin asibitin Mayo ya nuna cewa kashi 90 cikin ɗari na sankarar gefen huhu da aka gano tana nan a tsofaffin hotunan majiyyatan, ba a dai lura da ita ba. Sai dai a yi wa likitocin adalci: wanda ya san inda ƙari yake, ba ya shan wahalar ganin sa.

Harold Kundel da abokan aikinsa sun bi motsin idon likitoci a 1978, suka kasa kuskuren gida uku: ko dai ido bai sauka a kan ƙarin ba sam, ko ya sauka bai shaida shi ba, ko kuwa ya shaida shi amma likita ya yanke cewa ba komai ba ne. Na ukun ne ya fi yawa. A 2013 Trafton Drew da abokansa sun saka hoton goggon biri cikin hoton sikanin huhu. Likitoci 20 cikin 24 ba su gan shi ba, domin hankalinsu na kan neman ƙari.

3.0 Kuskuren Kalma

Daga cikin matakan da aka ɗauka akwai sa mutum biyu su karanta hoto ɗaya, kamar yadda ake yi a shirin binciken sankarar mama na Birtaniya, da kwatanta sabon hoto da tsoho. Amma abin da zai fi jan hankalin masana harshe shi ne batun rahoto. Likita na iya ganin ƙari sarai, sa'an nan ya rubuta "mai yiwuwa" ko "ana zato", kalmomin da kowane mai karatu ke ba nauyin da ya ga dama. Mace na iya komawa gida da sankara saboda an sassauta lafazi.

Don haka ne ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar da BI-RADS a 1993, wato ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi don bayyana hoton mama. An ƙayyade kalmomin siffanta ƙari, an kuma ɗaure kowane hukunci da lamba da matakin da za a ɗauka. Rukuni na 3 na nufin yiwuwar sankara ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari ba, a sake hoto bayan wata shida. Rukuni na 5 kuwa kashi 95 ne ko fiye, a gutsuri tsoka a auna.